Kundin aiki: na'urorin gwajin tarin fuka a zafin Garwa

11 ga Nuwamba, 2024

Yau aka buɗe rajista. Duk baligin da ya zo da tari na mako 2 ko fiye, ko tari haɗe da rama da zazzaɓin yamma da gumin dare, in ya amince ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, za mu karɓi kakinsa. Wuri biyu ake aikin. A nan cikin garin Garwa, a arewacin Kamaru, akwai madubin likita da GeneXpert, na'urar gwajin tarin fuka. A wani ƙaramin asibiti kudu da Garwa, ta wajen hanyar Ngong, akwai madubi, kuma can za a girka wata na'urar gwajin, Truenat. Kaki na biyu na kowane majinyacinsu mai babur zai kawo mana shi mu sa a GeneXpert. Daga wurare biyun kuma ana tura wani kaso ɗakin shuka, inda ake renon ƙwayar cutar a kwalba har ta tsiro. Shuka ita ce alƙali. Abin da ta ce, da shi za a auna sauran.

Madubi ba ya ganin komai sai ƙwayoyin sun kai wajen 5,000 zuwa 10,000 a mililita ɗaya na kaki, kuma rinin da muke shafawa, na Ziehl da Neelsen, tun shekarun 1880 ake amfani da shi. Mutum yana tari a ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, mu kuma mu rubuta masa "ba a gani ba". Shuka tana gani, amma a kwalbar ruwa sai an cika kwana 42 kafin a ce babu, a kan daskararren abincin Löwenstein-Jensen kuwa mako 8. Sababbin na'urorin ba ƙwayar suke nema da ido ba, DNA ɗinta suke kamawa su yi ta ninka shi har ya isa a gane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da Xpert MTB/RIF na kamfanin Cepheid na Amurka a Disamba 2010, da ƙanensa Ultra a 2017 (su ne gwaje-gwajen da ake sawa a GeneXpert, mu da Ultra muke aiki), sannan Truenat na kamfanin Molbio da ke Gowa a Indiya a 2020. Ba wanda ke jiran mu tabbatar masa suna aiki. Abin da muke son sani shi ne wacce ta dace da ina, a ƙasar da ƙura da zafi da ɗaukewar wuta ke karɓa-karɓa.

Na roƙi a ƙara gurbi biyu a ƙarshen kowane layi: ranar da sakamako ya isa kunnen mai shi, da ranar da ya haɗiyi magani na farko. Mai kula da aikin ya ce ba sa cikin tsarin da aka rubuta, amma ba su hana komai ba. Na ja layukan da rula.

26 ga Nuwamba

Wahalar makonnin farko ba ta na'ura ba ce. Ka miƙa wa mutum 'yar roba mai murfi ka ce ya kawo kaki, sai ya zagaya bayan gini ya dawo maka da yawu fari mai kumfa. Mata sun fi yin haka, kuma ba rashin fahimta ba ne. Wata dattijuwa ta riƙe robar a gefen mayafi ta ce da ni, "Ɗan nan, ni da girmana in tsaya ina kakari jama'a na ji? Surukina ne fa ya kawo ni."

Mun mayar da wurin bada kaki can ƙarƙashin darbejiya, nesa da benci, aka kewaye da zana ba rufi, don iska da rana su yi aikinsu. Ma'aikaciya mace ke raka mata. Tana nuna musu a jikinta: a kurkure baki da ruwa, a ja numfashi har ƙasa sau 3, a ɗan riƙe, sannan a taso da tarin daga ƙirji ba daga maƙogwaro ba. Wadda ba ta jin Hausa a yi mata da Fulatanci. Aƙalla mililita ɗaya muke so. Ba ma zubar da wanda ya zo yawu-yawu, tunda wani lokacin na'ura kan kama cutar a cikinsa, amma muna rubuta kamanninsa: yawu, majina, mai mugunya, mai jini. In an zo lissafi a ƙarshe, kar a ɗora wa na'ura laifin abin da ba a ba ta ba.

Haɗin kartush ɗin Ultra, wato 'yar robar da ake zuba kaki a ciki a sa a GeneXpert, ba wuya: kashi 2 na ruwan narkarwa a kan kashi 1 na kaki, a girgiza, a bar shi minti 10, a sake girgizawa, a ƙara minti 5, a ɗebi mililita 2 a zuba. Daga nan na'ura ce da aikinta, kuma ba ta cika minti 80 ba take kawo amsa.

14 ga Disamba

An girka Truenat. Kaya biyu ne, kowanne mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya, kuma da batir suke aiki. Trueprep yana tace DNA daga kaki cikin kamar minti 20. Daga ruwan da ya fito ake ɗibar ɗigo ɗaya, mikrolita 6, a narkar da busasshen sinadari da shi, a ɗora a kan ɗan cip, a tura cikin Truelab, na biyun da ke karanta shi. Ƙasa da awa ɗaya amsa ta fito. In cutar tana nan, da ragowar ruwan nan ake sa cip na biyu wanda ke duba ko tana jin rifamfisin, babban maganin tarin fuka, shi kuma kamar awa guda.

Bambancinsa da GeneXpert a hannu yake. Can ka rufe murfi ka manta. Nan mikrolita 6 ɗin yana son hannun da ba ya rawa, da bakin bututu sabo kowane karo, da teburin da aka goge. Ma'aikacin wurin ya shekara da shekaru a kan madubi, bai taɓa riƙe bututun awo irin wannan ba. Mun yini yana gwadawa da ruwan banza. Zuwa la'asar ya daina shigar da kumfa.

9 ga Janairu, 2025

Hunturu ya sauka da ƙarfi, daga gadar Binuwai ba a hango tsallake sosai. Komai rufe tagar da muka yi, da safe za ka iya rubuta sunanka a kan teburi. GeneXpert ɗinmu mai aljihun kartush 4 ne, yana jan iska ta baya don ya huce, to da iskar da ƙurar yake ja. Yanzu wankin matatar bayan ya koma aikin kowane mako.

Na ware shafi guda don gwajin da ya lalace, da lambar kuskuren da allon ya nuna. 2008 na nufin matsi ya yi yawa a cikin kartush, galibi kaki ne mai kauri da bai narke ba. Maganinsa haƙuri, a ƙara masa minti kaɗan kafin a zuba. 5007 kuma binciken sinadaran cikin kartush ne bai wuce ba, sai a duba yawan abin da aka zuba da inda aka ajiye kwalin. Ina nacewa a kan wannan shafi saboda kuɗi ne. Tun 2012 ana sayar wa ƙasashe irin namu kartush ɗaya dala 9.98, sai a Satumba 2023 aka sauko da shi 7.97, alhali masu fafutuka irin su ƙungiyar likitoci ta MSF dala 5 suke nema. Ko a sabon farashin, duk kuskure ɗaya kusan sefa 5,000 ne aka jefa a kwandon shara, ban da majinyacin da za a ce ya dawo gobe.

3 ga Fabrairu

Ultra ba "akwai" ko "babu" kaɗai take cewa ba. Tana faɗin yawan abin da ta gani: da yawa, matsakaici, kaɗan, kaɗan ƙwarai. Ƙasa da su duka akwai wani mataki, ɓurɓushi. Tsohuwar Xpert gurbi ɗaya take nema a jikin DNA, wato rpoB, wanda a nan ake gane ko ƙwayar tana jin rifamfisin. Ultra ta ƙara wasu biyu, IS6110 da IS1081, waɗanda ke maimaita kansu sau da yawa a cikin ƙwaya guda, shi ya sa take jin ƙwayoyi wajen 16 a mililita inda tsohuwar ke bukatar fiye da 100. In waɗannan biyun suka amsa amma rpoB bai amsa ba, sai ta rubuta ɓurɓushi, kuma ba ta iya cewa komai game da rifamfisin.

Yau ya faɗo a kan wani tela daga cikin gari. Shekara 2 ke nan da ya gama maganin tarin fuka, ba ya ɗauke da cutar sida, tari ya dawo masa tun shigowar sanyi. Madubi bai ga komai ba. Ya zauna a bakin benci da hularsa a gwiwa ya ce, "Malam, ku faɗa mini gaskiya, ya dawo ne ko bai dawo ba? Wata shida na yi fitsarina ja kamar zoɓo. In sakewa zan yi, gara in sani yau."

Amsar da yake so ba ta hannunmu yau. DNA ba ya mutuwa ranar da ƙwaya ta mutu. Gawarta na iya zama a tabon huhu shekaru, na'ura kuma ba ta bambance mai rai da matacciya. Babban binciken da aka yi a ƙasashe 8 aka wallafa a 2018 ya nuna fuska biyu na wannan kaifin. Cikin masu cutar da madubi bai gani ba, Ultra ta kama kashi 63 cikin 100, tsohuwar ta kama 46. Amma wajen wanke marasa cutar, Ultra ta tsaya a kashi 96, tsohuwar 98, kuma giɓin ya fi faɗi a kan waɗanda suka taɓa shan magani. Saboda haka ƙa'idar ta rabu. Ga yaro, ko mai sida, ko samfurin da ba daga huhu ya fito ba, ɓurɓushi ya isa a fara magani, domin jinkiri a wurinsu ya fi kuskure haɗari. Ga baligi irin telan nan, wanda bai cika shekara 5 da gama magani ba, sai likita ya haɗa da abin da idonsa da hoton ƙirji suka nuna.

Likita ta auna shi, nauyinsa bai ragu ba, ba zazzaɓi. Hoto ya nuna tsohon tabo a saman huhun dama. Ta ce a karɓi kakin asuba a sake, a tura shuka, a ba shi maganin tari na gama-gari wanda ba ya taɓa ƙwayar tarin fuka, ya riƙa zuwa ana auna shi. Ya tafi ba da jin daɗi ba. A ganina ta yi daidai. Wata 6 na isoniyazid da rifamfisin, da firazinamid da etambutol a wata 2 na farko, ba abin da za a ɗora wa hantar mutum a kan zato ba ne.

20 ga Fabrairu

Makiyaya sun fara zuwa ƙaramin asibitin, su da iyalansu, wasu da kumburin wuya. Na sa a riƙa tambaya ko ana shan madara ɗanya a gidan. Tarin fuka na shanu yana nan a yankinmu, masu duba nama a mayanka sun san shi a huhu da ƙulluwar dabba. Ultra da Truenat duka za su ce akwai, amma ba za su ce na shanu ba ne ko na mutane, dangi ɗaya suke gani. Na shanun kuwa tun asalinsa ba ya jin firazinamid. Na nemi ɗakin shuka su ajiye mana duk abin da ya tsiro daga waɗannan gidaje, ko nan gaba a samu mai tantancewa.

13 ga Maris

Azumi da bazara sun haɗu. Da rana zafi yana haura digiri 40. GeneXpert ba ya son ɗaki ya wuce 30, kartush kuma tsakanin 2 da 28 ake ajiye shi. Ruwan madatsar Lagdo, inda wutar arewa ke fitowa, yana ja baya a wannan lokaci, wuta sai ta zama ta rabo. In ta ɗauke, batirin ajiya yana riƙe na'urar ta ƙarasa abin da ke ciki, amma ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, cikin rabin awa ɗakin ya fi ƙarfin ƙa'ida. Mun koma fara aiki bayan sallar asuba mu tsaya kafin azahar, sauran a firji sai gobe. Truenat an yi shi ya jure har digiri 40, kuma farantin sola ɗaya ya ishe shi caji. A makonnin nan shi ne bai yi fashi ba.

Masu azumi kakinsu kaɗan ne, ga kauri. Muna ba su roba su tafi da ita, su yi bayan sahur lokacin da jiki ke da ruwa, su kawo da hantsi.

Shukar telan za ta cika kwana 42 a mako mai zuwa. Har yanzu shiru, shi kuma tarin ya lafa.

24 ga Maris

Ranar tarin fuka ta duniya, ranar da Robert Koch ya sanar a Balin a 1882 cewa ya gano ƙwayar. An yi jawabai a gari, mu muna ɗaki. Rahoton Hukumar Lafiya na 2024 ya ce mutum miliyan 10.8 suka kamu a 2023, miliyan 1.25 suka mutu, kuma cikin waɗanda aka gano kashi 48 cikin 100 ne kawai aka fara gwadawa da irin waɗannan na'urori. Shugabannin duniya sun yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumba 2023 cewa zuwa 2027 kowa da kowa ne. Saura shekara 2 da 'yan watanni.

Shukar telan ba ta tsiro ba. An rufe layinsa, gurbin magani babu komai.

17 ga Afrilu

Sakamakon shuka ya taru har ana iya hango inda aka dosa, ko da yake ba zan sa adadi ba sai an rufe rajista. Madubi yana baya nesa. Ultra tana kama wasu da Truenat ya wuce, kusan duka masu ƙwaya kaɗan. Cip na biyu na Truenat ma, in ƙwayar ba ta da yawa, yakan ƙi yanke hukunci a kan rifamfisin. In a takarda za a tsaya, Ultra ce gaba.

Sai na bi gurabe biyun nan na ƙarshen layi da yatsa.

Wani saurayi ya zo ƙaramin asibitin da hantsi, yayansa na riƙe da shi. Kafin azahar Truenat ya ce akwai, kafin la'asar cip na biyu ya ce ba ta jin rifamfisin. Suna zaune a inuwa aka gaya musu. Washegari yayan ya kawo shi gari, Ultra ta tabbatar, aka miƙa shi sashen masu tarin da ke bijire wa magani. Irin wannan ciwo a da sai a yi wata 20 ko fiye ana fama, da allurar da ke kashe ji. Kamaru na cikin ƙasashen Afirka 9 masu Faransanci da suka gwada tsarin wata 9 kafin Hukumar Lafiya ta amince da gajeren tsari a 2016, kuma tun ƙarshen 2022 akwai na wata 6 na haɗiya zalla, mai bedakwilin da firetomanid da linezolid da moksifloksasin.

Layi kaɗan ƙasa da nasa akwai wata mata. Truenat bai ga komai ba, aka ce ta tafi za a kira. Kakinta na biyu ya jira ranar zuwan mai babur, ya iso mana, ya kwana a firji saboda wuta. Ultra ta ce kaɗan ƙwarai. Aikin na'ura bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma kwana 6 ne tsakanin tarinta da amsar. Lambar wayar da ta bari ta maƙwabci ce, ya ce sun tashi da shanu. Ma'aikacin unguwa ya bi sawu ta hannun arɗo, har yau gurbinta na biyu fari ne. Ultra ta fi gani, kuma a lissafin da za a buga wannan layi maki ne a gare ta. Matar kuwa tana wani wuri tana tari cikin bukka.

Ba ita kaɗai ba ce. Cikin mutanen karkara, wanda ya ji sakamakonsa kafin ya bar harabar asibiti kusan kullum yana fara magani a ranar ko washegari. Wanda aka ce za a kira, sai abin da Allah ya yi: kuɗin mota, girbin masakwa, waya ba caji, ko ya tsallaka wajen dangi a Yola. Na faɗa a taron mako cewa in rahotonmu ya tsaya a kan wacce ta fi kaifi, to ya amsa tambayar da wasu suka riga suka amsa da kuɗi da yawan mutane fiye da namu. An yarda gurabe biyun su shiga rahoto da teburinsu daban.

Abu ɗaya da na roƙi likitoci su riƙe: "tana jin rifamfisin" ba rantsuwa ba ce. Na'urorin wani ɗan yanki na rpoB suke dubawa, inda kusan kashi 95 cikin 100 na sauye-sauyen ke faruwa. A Eswatini an sami nau'in da sauyinsa ke wajen wannan yanki, Xpert tana wanke shi alhali ba ya jin magani. Majinyacin da ya cika wata 2 yana sha bai murmure ba, a sake tura kakinsa shuka, komai na'ura ta ce da farko.

28 ga Mayu

Ruwa ya sauka, ɗaki ya yi sanyi, matsala ta koma hanya. In rafi ya kawo, mai babur sai ya jira a gaɓa. Don GeneXpert kaɗai kaki yana iya kwana 3 ba firji in zafi bai wuce digiri 35 ba, amma shuka ba ta da wannan haƙuri: wasu ƙwayoyin baki su rigaye su cika kwalba, a rubuta "ta gurɓata", layin ya fita daga lissafi. An ƙara ƙanƙara a kula, an kuma mayar da ɗauka sau 2 a mako maimakon ɗaya har ƙarshen damina.

An canza ƙa'ida ɗaya a ƙaramin asibitin. Duk wanda Truenat ya ce babu amma jikinsa na nuna akwai, ba ya tafiya sai an rubuta lamba biyu, da sunan mai unguwa ko arɗonsa, da inda za su dosa in sun tashi.

Mun kuma rubuta neman izinin ƙara yara. Ƙaramin yaro ba ya iya kaki, haɗiyewa yake yi, don haka ƙwayar kan fito a bayan gida, kuma Hukumar Lafiya ta yarda a sa kashin yaro a Ultra. Hanyar da muka zaɓa ba ta bukatar wani inji: ɗan kashi kaɗan a cikin kwalbar ruwan narkarwa, a girgiza, a bari ya kwanta, a ɗebi na sama. Kwamitin ɗa'a zai zauna a kai bayan Babbar Sallah. Kafin nan akwai kwali biyu na kartush da wa'adinsu ke ƙarewa a Agusta, su za a fara ɗauka daga gobe.